Kare Makarantu Daga Hari: Tambayoyin da Iyaye da Malamai a Kaduna Suka Fi Yi Kan Alkawuran da Najeriya Ta Ɗauka

Tun daga satar ɗalibai a Afaka a 2021 zuwa ta Kuriga a 2024, duk inda iyaye da malamai suka zauna a jihar Kaduna sai maganar tsaron makarantu ta taso. Ana jin labarin taruka a Abuja da birnin New York, ana jin an sa hannu kan takardu, sai mutum ya tambayi kansa ko duk wannan ya shafi ɗansa da ke makarantar kwana a Chikun ko Birnin Gwari. An tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Idan aka ce ana fafutukar diflomasiyya don kare makarantu, me ake nufi?

Ana nufin aikin da jakadu, ma'aikatun harkokin waje, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin farar hula ke yi don shawo kan gwamnatoci su ɗauki alkawari a rubuce cewa za su kare ɗalibai, malamai da gine-ginen makarantu a lokacin rikici, sannan a riƙa bin sawunsu ana tambayar inda aka kwana. Wani ɓangaren aikin a fili ake yin sa: taruka, ƙudurori, rahotanni. Wani kuma a bayan labule, inda jakadan wata ƙasa zai zauna da ministan tsaro na wata ya lallashe shi a fitar da sojoji daga ajin da suka mayar da shi wurin kwana.

Mece ce Sanarwar Tsaron Makarantu da ake yawan ambata?

Ita ce ginshiƙin wannan fafutuka. Ƙasashen Norway da Ajantina ne suka jagoranci tsara ta, aka buɗe ta ga masu son amincewa a birnin Oslo a watan Mayun 2015. Ƙasashe 37 ne suka amince da ita a ranar farko, yau kuwa sun haura 115. Bayan Oslo an sake zama a Buenos Aires a 2017, a Palma de Mallorca ta ƙasar Sifaniya a 2019, sai Abuja a watan Oktoban 2021, wanda shi ne karon farko da aka kawo taron nahiyar Afirka.

Tare da ita akwai wasu ƙa'idoji guda shida da aka kammala a Disambar 2014 kan hana amfani da makarantu da jami'o'i wajen aikin soja. Gamayyar ƙungiyoyin kare ilimi daga hari da ake kira GCPEA, wadda aka kafa a 2010, ita ta ɗauki nauyin tsara su tare da masana shari'a da hafsoshin soja na ƙasashe daban-daban. Bayanin ƙa'idojin na cikin amsar tambaya kan girke sojoji a makaranta.

Wane alkawari ƙasa ke ɗauka idan ta amince da ita?

Ta yi alkawarin shigar da ƙa'idojin nan shida cikin dokokinta da horon sojojinta. Ta yi alkawarin tattara sahihan bayanai kan kowane hari, da tallafa wa waɗanda abin ya shafa ba tare da nuna bambanci ba, da bincikar laifin a gurfanar da masu hannu. Akwai kuma alkawarin da aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi taɓa mu: cewa karatu zai ci gaba ko da rikici na gudana, kuma za a gyara makarantun da aka lalata. Na ƙarshe shi ne halartar taruka lokaci zuwa lokaci don kowa ya faɗi abin da ya aiwatar.

Doka ce da za a iya kai gwamnati ƙara a kanta?

A'a. Alkawari ne na siyasa, babu kotun da za ta hukunta ƙasa don ta saɓa shi. Da gangan aka tsara ta haka, domin da an ce yarjejeniya ce mai ɗaure wuya, da ƙasashe da yawa sun noƙe, an shafe shekaru ana ja-in-ja. A Najeriya ma akwai ƙarin mataki: sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ko cikakkiyar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Amma kada a ɗauka makaranta ba ta da kariya a shari'a. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun haramta kai hari kan fararen hula da wurarensu, har aka ce idan ana shakka ko makaranta ta zama wurin aikin soja, a ɗauke ta a matsayin ta farar hula. Dokar Roma, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta lissafa kai hari da gangan kan ginin ilimi cikin laifukan yaƙi, kuma Najeriya ta amince da ita a 2001. Sanarwar ta zo ne ta cike giɓin da waɗannan dokoki suka bari, musamman batun sojoji su zauna a makaranta, wanda dokokin yaƙi ba su hana kai tsaye ba.

Amfaninta a wurinmu kamar takardar bashi ce da gwamnati ta sa wa hannu da kanta. Ba ta biyan kanta, amma wanda ya riƙe ta yana da bakin magana. Uban da ya tsaya gaban kwamishina yana roƙo daban yake da wanda ya zo yana cewa ga abin da kuka yi alkawari, a cika.

Najeriya tana ciki? Me ta yi tun da ta shiga?

Tana cikin rukunin farko na 2015, shekara guda bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan takardar tabbatar da amincewar a 2019. A 2021 aka fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu, tare da kundin mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowace makaranta za ta cika. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar ƙasa ta kai ɗauki ga makarantu ƙarƙashin hukumar Sibil Difens.

A takarda ke nan. Shekarar da Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan tsaron makarantu ita ce shekarar da aka kwashe ɗalibai a Kagara, Jangebe, Afaka, jami'ar Greenfield, Tegina, Birnin Yauri da makarantar Bethel Baptist. Duk wanda ya zauna a Kaduna a 2021 ba ya bukatar a tuna masa wannan. Dalilin tazarar da ke tsakanin takarda da aiki na cikin amsar tambaya kan kuɗi.

Mene ne rawar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma gaskiya ne Nijar ta taka rawa?

Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga ƙasar Hausa baki ɗaya. Lokacin da Nijar ke da kujera a Kwamitin Sulhu a 2020 da 2021, ita da Norway suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2601, aka amince da shi baki ɗaya ranar 29 ga Oktoban 2021, kwana biyu da rufe taron Abuja. Shi ne ƙuduri na farko da kwamitin ya keɓe kacokan ga kare ilimi a lokacin yaƙi.

Kafinsa an bi matakai. Ƙuduri na 1612 na 2005 ya kafa tsarin sa ido da kai rahoto kan cin zarafin yara a fagen yaƙi. Na 1998 na 2011 ya ce duk ɓangaren da ke kai hari kan makarantu da asibitoci za a sa sunansa a jerin masu laifi na rahoton shekara na Babban Sakatare, jerin da ake yi wa laƙabi da jerin abin kunya. Na 2225 na 2015 ya ƙara satar yara cikin laifukan da ke jawo shiga jerin. Ban da wannan, Babban Zauren Majalisar ya ware 9 ga Satumba a matsayin ranar kare ilimi daga hari, bisa shawarar ƙasar Katar a 2020.

To mu a Kaduna yaƙi ake yi? Waɗannan takardu sun shafi 'yan bindigar daji?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma masana shari'a ba su zama baki ɗaya a kanta ba. Dokokin yaƙi na aiki ne idan akwai ƙungiya mai tsari da shugabanci, kuma faɗan ya kai wani mataki na tsanani. A Borno da Yobe babu gardama, Boko Haram ta cika sharuɗɗan, tana kuma kai hari kan makaranta don ta ƙi jinin karatun kansa, kamar yadda aka gani a Buni Yadi a Fabrairun 2014. 'Yan bindigar Arewa maso Yamma kuwa daba-daba ne, kowace da ubangidanta, kuma abin da ke kai su makaranta kuɗin fansa ne: yara da yawa a wuri guda, babu katanga, babu mai tsaro, ga tabbacin cewa labari zai karaɗe duniya. Gwamnatin tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022 bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, sai dai wannan bai warware tambayar ko rikicin ya zama yaƙi a ma'aunin dokar duniya ba.

A ganina bai kamata mu bari wannan muhawara ta ɗaure mana hannu ba. Manufar ƙasa ta 2021 da sharuɗɗanta ba su ce sai yankin da ake yaƙi ba, kowace makaranta a Najeriya suka shafa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 suna aiki ko da yaƙi ko babu. Uwar da aka ɗauke wa ɗa a Kuriga ranar 7 ga Maris 2024 tana da haƙƙi a kan hukuma, ko wane suna lauyoyi suka ba waɗanda suka ɗauke shi.

Me ya sa ake cewa kada a girke sojoji a makaranta, alhali mu tsaro muke nema?

Duk uban da ya ji wannan a karon farko sai ransa ya sosu, kuma yana da hujja. Amma dalilin ya fito ne daga abin da aka gani a ƙasashe da dama. Da zarar sojoji sun kafa sansani a harabar makaranta, ko sun ajiye makamai a aji, ginin na iya rasa kariyar da doka ta ba shi a matsayin wurin farar hula, abokin gaba kuma ya samu dalilin kai masa hari, yara na ciki. Sannan iyaye, musamman na 'yan mata, kan janye 'ya'yansu idan maza masu ɗauke da bindiga na kwana a wurin. Kujeru su zama itacen girki, rijiya da banɗaki su lalace, bayan an tashi kuma a bar harsasai a ƙasa.

Ƙa'idojin shida ga abin da suka ce a taƙaice. Makarantar da ake karatu a cikinta ba a amfani da ita don aikin soja ko kaɗan. Wadda aka ƙaurace wa ma a guje ta, sai in babu makawa, kuma na ɗan lokaci. Ba a rusa makaranta don kada abokin gaba ya amfana da ita gobe. Idan abokin gaba ya shige ta, a nemi wata hanya, a yi gargaɗi kafin a kai farmaki. Kada a ba mayaƙa aikin gadin makaranta sai in babu wata mafita, an fi son jami'an farar hula da aka horar. Sannan a shigar da duk wannan cikin littattafan horo da umarnin aiki na soja.

A lura da ta biyar ɗin, domin ita ce amsar damuwarmu. Ba a ce a bar makaranta a buɗe ba. Abin da ake nufi shi ne soja ya tsare hanya da bakin daji da kewayen gari, ya kasance kusa yadda zai iso cikin mintuna idan an kira, amma kada ya tare a cikin harabar. Gadin ƙofa na 'yan sanda ne da Sibil Difens da 'yan sa-kan da aka tantance. Mu tuna kuma cewa kwalejin gandun daji ta Afaka, inda aka kwashe ɗalibai 39 a Maris 2021, maƙwabciyar makarantar horon hafsoshin soja ta NDA ce. Kusanci da bariki kaɗai bai wadatar ba idan babu tsarin sanarwa da kai ɗauki cikin gaggawa.

'Yan bindiga ba su sa hannu a komai ba. Me zai ɗaure su?

Ƙasashe kaɗai ke amincewa da sanarwar. Ga ƙungiyoyi masu makamai akwai wasu hanyoyi: ƙungiyar Geneva Call na karɓar rubutaccen alkawarin kare yara daga 'yan tawaye a sassan duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma na neman ƙulla shirin gyara da duk wanda sunansa ya shiga jerin da aka yi bayani a sama. Waɗannan hanyoyi na tasiri ne a kan mai neman suna ko mulki, wanda ke jin kunyar duniya. Wanda kuɗi kawai yake nema, abin da zai hana shi shi ne harin ya yi masa wuya, ribar ta ragu, hukunci ya tabbata. Duk ukun nan aikin gwamnati ne, shi ya sa matsin lambar diflomasiyya ke komawa kanta.

An taɓa ganin wannan fafutuka ta haifar da ɗa mai ido?

An gani. Misali mafi kusa da mu shi ne na 'yan Sibiliyan JTF a Borno, wato 'yan sa-kan da ke taya sojoji yaƙar Boko Haram. An sa sunansu a jerin Babban Sakatare saboda amfani da yara, suka sa hannu kan shirin gyara a Satumbar 2017, aka sallami yara da yawa daga cikinsu, aka cire sunansu a 2021. A 2017 ɗin dai Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta wa dakarunta na kiyaye zaman lafiya amfani da makarantu, ƙasashe irin su Denmark da New Zealand kuma sun shigar da kariyar makarantu cikin littattafan sojojinsu.

Duk da haka hare-hare ba su ragu a duniya ba. Rahoton GCPEA na 2024 ya ƙirga kusan hare-hare 6,000 a shekarun 2022 da 2023, inda ɗalibai da malamai sama da 10,000 suka rasu, suka jikkata, aka sace su ko aka tsare su.

Rufe makarantu ko haɗe su da na cikin gari ya dace da alkawarin?

Bayan harin Bethel Baptist a Yulin 2021 gwamnatin Kaduna ta rufe makarantu 13 da ta ga suna cikin haɗari, a 2024 kuma ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da wasu a wurare masu aminci. Babu mai zargin hukumar da ta kwashe yara daga bakin daji. Sai dai alkawarin ci gaban karatu na nan, kuma a nan ne ya kamata iyaye su sa ido. Yaron da makarantarsa ta koma nesa, wa zai kai shi? Ajin da aka tura su yana da gurbi da malamai? Yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare da ta zauna gida zango biyu, sau da yawa ba ta komawa, aure ake yi mata. Idan an rufe makaranta ba tare da ranar buɗewa ko madadi ba, maharan sun cimma abin da ko su ba su nema ba.

Ina kuɗin da ake ta ambata?

A Mayun 2014, wajen taron tattalin arzikin duniya da aka yi a Abuja, tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown, a matsayinsa na wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya ƙaddamar da shirin tsaron makarantu. 'Yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta ce za ta ƙara kwatankwacinsa. Wancan shiri ya fi karkata ga Borno, Yobe da Adamawa. Shirin 2023 zuwa 2026 kuwa an ƙiyasta zai ci naira biliyan 144.8, ana sa ran tarayya da jihohi da masu ba da tallafi su haɗa hannu.

Inda gizo ke saƙa shi ne Abuja ce ke sa hannu a gaban duniya, amma mafi yawan makarantun firamare da sakandare na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Katanga, fitila, albashin maigadi, duk daga kasafin jiha za su fito. Kuma sanya kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. Binciken da UNICEF ta fitar a 2024 ya nuna kashi 37 cikin 100 ne kawai na makarantun jihohi 10 da aka duba ke da tsarin gargaɗin gaggawa.

Islamiyya, tsangaya, makarantun mishan da na kuɗi suna ciki?

Suna ciki. Ƙa'idojin sun shafi duk wurin da aka keɓe don karatu, daga rainon yara har jami'a, na gwamnati ko mai zaman kansa. Maharan ma ba su bambanta ba: a Tegina ta jihar Neja 'yan Islamiyya aka kwashe a Mayun 2021, a Greenfield jami'a ce mai zaman kanta inda aka kashe ɗalibai biyar, Bethel kuma ta coci ce. Wannan na cikin batutuwan da limamai da fastocin Kaduna za su iya shiga ofis ɗaya su yi magana da murya ɗaya. Matsalar tsangayu ita ce da yawansu ba su da rajista, don haka ba sa cikin lissafin hukuma idan ana rabon kariya. Alaramman da ya yi wa makarantarsa rajista ya taimaki almajiransa.

Mu iyaye da malamai, ta ina za mu sa hannu a aikin da jakadu ke yi?

Jakada ba ya magana sai da hujja, hujjar kuma daga ƙasa take tasowa. Duk hari, barazana, wasiƙar gargaɗi ko shigar masu makamai harabar makaranta, a rubuta rana da lokaci da abin da ya faru, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda da Sibil Difens, kwamitin makaranta ya ajiye kwafi. Kada a sa sunayen yara ko hotunansu a Facebook da WhatsApp, musamman waɗanda aka sako, domin tabon na bin su har girma.

A matakin makaranta, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai su nemi kundin sharuɗɗan 2021 daga ma'aikatar ilimi, su zagaya da shi a hannu suna dubawa: katanga, ƙofa nawa, wa ke riƙe da lambobin jami'an tsaro, ina yara za su nufa idan an ji harbi, an taɓa gwada hakan kuwa. A sa mai unguwa da dagaci a ciki, domin manomi da mai kiwo da ɗan acaɓa su ne ke fara ganin baƙin babura a bakin daji. Inda babu sabis na waya, a tsara wata hanyar isar da saƙo tun kafin bukata ta taso.

A matakin jiha, lokacin da Majalisar Dokoki ke sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi shi ne lokacin zuwa da tambaya a rubuce: nawa aka ware wa tsaron makarantu bara, nawa aka saki, waɗanne makarantu suka amfana. A ba ɗan majalisar mazaɓa kwafi, a ba 'yan jarida, a aika wa ƙungiyoyin da ke aiki kan ilimi a jihar, domin ta hannunsu bayanan ke kaiwa ga rahotannin da ake karantawa a Abuja da New York. Ranar 9 ga Satumba kuma dama ce ta kowace shekara da gidajen rediyon Kaduna za su gayyaci kwamishinan ilimi ya amsa waɗannan tambayoyi kai tsaye.